Zauren Marubuta: "Ni ne" ko "Ni ce" a Ƙasar Kaboyi

Yawancin wasiƙun wannan watan daga Katsina da Daura suka zo, kuma kusan duk a kan abu ɗaya: ƙagaggen labari na tarihi da aka gina a yammacin Amurka, zamanin amalanke da kaboyi, wanda tauraronsa ke ɓoye wani abu game da kansa, ko kuma shi ma bai gama sanin ko shi wane ne ba. Mun taƙaita tambayoyin, mun cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina rubuta labarin wata yarinya da ta gudu daga gida, ta sa kayan maza, ta shiga ayarin masu tafiya Kalifoniya. Da tafiya ta yi tafiya sai ta ga ba ta son komawa kayan mata. Ƙawayena marubuta sun ce ƙaryar ta yi yawa, wai abin zamani na ɗauko na manna wa mutanen da. An taɓa yin haka kuwa? (Marubuciya, Ƙofar Ƙaura, Katsina)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. An yi, kuma ba sau ɗaya ba. Ga mutum uku da tarihi ya ajiye sunayensu.

Charley Parkhurst, haihuwar 1812, ya isa Kalifoniya a farkon shekarun 1850 lokacin da ake rububin zinariya, ya zama direban keken doki mai ɗaukar fasinja da wasiƙu, irin wanda dawaki shida ke ja a hanyoyin kan dutse. Doki ya harbe shi a fuska, ya rasa ido ɗaya. Sunansa na cikin jerin masu zaɓe na 1868, shekara 52 kafin matan Amurka gaba ɗaya su sami damar jefa ƙuri'a. Ya rasu a watan Disamba na 1879, kuma sai da maƙwabta suka zo shirya gawa sannan suka ga jikin mace ne.

Cathay Williams baƙar fata ce da aka haifa cikin bauta a Misuri. A watan Nuwamba na 1866 ta juya sunanta ya koma William Cathay, ta shiga soja, aka kai rundunarsu Niyu Meziko. Ciwon agana da yawan kwanciya asibiti suka karya ta, likitan barikin ya gano, aka sallame ta a Oktoban 1868. Da take ba wani ɗan jarida labari a 1876, ta ce mutum biyu kaɗai suka sani a rundunar, wani ɗan'uwanta da wani aboki, kuma abin da ya kai ta shi ne ta ci guminta kada ta zauna jiran dangi.

Ta ukun ana kiranta Misis Nash, mai wanki da guga ce kuma ungozoma a rundunar sojan doki ta bakwai. Ta auri soja fiye da ɗaya, bi da bi. Da ta rasu a barikin Abraham Lincoln a yankin Dakota a 1878, matan da suka zo yi mata wanka suka tarar da jikin namiji. Mijinta na ƙarshe, John Noonan, bai jure ba'ar abokan aikinsa ba, bayan 'yan makonni ya harbe kansa.

Ki duba abin da ya tona su: biyu mutuwa, ɗaya ciwo. Babu wanda hularsa ta faɗi gashi ya zubo kamar yadda ake yi a fim. Ɓoyon ya yiwu ne domin babu katin shaida, tufafin maza masu yalwa ne kuma ana sa su ninki-ninki, wanka kan yi wuya a hanya, binciken likitan soja kuwa sama-sama ne. Ga kuma samari marasa gemu ko'ina ana aiki da su. Wannan na ƙarshen yana da wa'adi: mai shekara 17 ba gemu ba wanda zai waiwaya, mai shekara 35 da haɓa sumul kuwa za a fara ƙus-ƙus. Idan labarinki ya ɗauki shekaru, dole ki nuna yadda take tarar wannan. Sannan akwai doka: birnin Sanfaransisko ya kafa dokar hana fita bainar jama'a cikin tufafin da ba na jinsin mutum ba a 1863, saboda haka shiga gari ya fi mata haɗari fiye da zaman daji.

Inda ƙawayenki suke da gaskiya shi ne wurin zuciya. Takardu sun ba mu tufafi da sana'a da ranar mutuwa, ba su ba mu abin da ke ran mutum ba. Williams ta koma kayan mata ta ci gaba da girki da wanki. Parkhurst ya ajiye tuƙi, ya koma noma da saran itace, bai sauya ba har kabari. Nash kuwa ta bar ɓangaren da ake samun kuɗi da 'yanci ta koma ɓangaren wanki, wanda ke nuna "neman abinci ne ya sa" ba ya amsa kowace tambaya. Ke za ki yanke wa taki yarinyar, kuma hanya mafi sauƙi ita ce ki gwada ta. Ki kai ta inda ba mai ganinta, ba riba ba tsoro, misali bukkar kan dutse a tsakiyar hunturu, ki ajiye mata akwati da rigar mata a ciki. Abin da ta sa washegari da safe shi ne amsar, ba sai ta yi jawabi ba.

Tambaya: Malamai, ni matsalata nahawu ce. Tauraruwata tana rayuwa a matsayin namiji. In rubuta "ya hau doki" ko "ta hau doki"? Na sauya sau uku, littafin ya dagule. (Ɗalibi, Daura)

Amsa: Ɗan'uwa, wannan ba ƙaramar matsala ba ce, kuma Hausa ta fi Turanci tsanani a nan. Bature in ya ce wa mutum "zo" bai faɗi jinsinsa ba. Mu kuwa "ka zo" ne ko "ki zo", "dokinka" ko "dokinki", "kai" ko "ke". Kusan kowace jimla tana tilasta maka ka zaɓa.

Idan ka riƙe "ta" daga farko har ƙarshe, kana gaya wa mai karatu cewa kayan mazan shigar burtu ce kawai. Wannan ya dace da labari irin na Williams. Idan ka riƙe "ya", kana tsaye ne inda mutanen garin suke tsaye, kamar yadda muka yi wa Parkhurst a sama, domin da haka aka san shi shekara da shekaru. Haɗarin wannan shi ne marubuci ya ɓoye gaskiyar har babi na ƙarshe don ya ba da mamaki. Mai karatu yakan ji an yaudare shi, kuma duk abin da ya faru a zuciyar tauraron an rufe masa ƙofa a kai. Akwai masu sauyawa a tsakiya, daga "ta" zuwa "ya". Yana yiwuwa, amma sau ɗaya tak, a farkon babi, bayan wani abu babba ya faru. Sauyi uku da ka yi shi ya dagula maka lissafi.

Shawararmu ita ce ka bar tauraron ya ba da labarin da bakinsa. "Na hau, na sauka, na ɗaura sirdi, ina jin tsoro": duk babu jinsi a ciki. Sai ka mai da jinsin bakin sauran mutane. Uwa a gida tana cewa "ke", madugun ayari yana cewa "kai, yaro", mai karatu kuma yana jin nauyin kowanne a kunnen mai ba da labari. Wurare kaɗan ne za su tona ka, ka bi su da jan biro: sifa (gajere ko gajeriya, sabo ko sabuwa), sunan sana'a da na asali (baƙo ko baƙuwa, maraya ko marainiya), da kuma "ne" da "ce". Ana kewaye su. Maimakon "ni gajeriya ce" sai "ba ni da tsawo". Maimakon "ni marainiya ce" sai "iyayena sun rasu".

Amfanin wannan kewayen shi ne ka tara wa kalma ɗaya ƙarfi. A ce babi goma sha biyar mai ba da labari bai taɓa cewa "ni ne" ko "ni ce" ba. Sai wani dare ya ƙwanƙwasa ƙofar mutumin da ya san sirrinsa, daga ciki aka ce, "Wane ne?" Ga misali:

"Na tsaya, hannuna a kan ƙyauren. Ruwa na ɗiga daga bakin hulata. Ya sake tambaya. Na buɗe baki, sai na ga amsar biyu ce, kuma wanda ke ciki zai buɗe ko wacce na ba shi."

Layin da ya biyo bayan wannan shi ne littafinka gaba ɗaya, a kalma biyu. Marubucin Turanci ba shi da wannan makamin.

Tambaya: A nawa labarin, wani makiyayi ne ya gane a hankali cewa zuciyarsa ta karkata ga abokin tafiyarsa namiji. Na sa shi yana faɗa wa kansa sunan abin da yake ji, amma sai na ji maganar ta fito kamar ta ɗan intanet. Ina kuskuren? (Marubuci, Katsina)

Amsa: Malam, kunnenka ya gaya maka gaskiya. Kalmar da Turawa ke kiran mai sha'awar jinsinsa da ita ba ta fito a bugu ba sai 1869, da Jamusanci, daga alƙalamin Karl-Maria Kertbeny, kuma ba ta shiga Turanci ba sai farkon shekarun 1890, a littattafan likitoci. Makiyayin Tekzas na 1875 bai taɓa jin ta ba. Abin da ya sani shi ne coci tana kiran aikin zunubi, doka tana hukunta shi. Ya san sunan aiki. Bai san cewa akwai wani rukunin mutane da zai ce "ni ɗayansu ne" ba. Don haka ba zai gano kansa ta hanyar samun suna ba, sai ta hanyar lura da abin da yake yi ba da niyya ba.

Kuskure na biyu da muke yawan gani shi ne ɗaukar abin da ya zama ruwan dare a matsayin alama. Maza biyu su kwana gado ɗaya ba komai ba ne a wancan zamanin, gado ne ke da tsada, sanyi kuma ba ya wasa. Abraham Lincoln ma ya yi shekaru yana raba gado da abokinsa Joshua Speed tun daga 1837. A Kalifoniya, ƙidayar 1850 ta nuna fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗanda aka ƙirga maza ne, har a sansanonin masu haƙar zinariya akan yi rawa wasu mazan su tsaya a matsayin mata. Idan ka sa jaruminka ya firgita don an ce su raba bargo, ka sa masa tunanin wani zamani. Abin da zai firgita shi shi ne ya ga kowa ya yi barci, shi kaɗai ne idonsa biyu, kuma ya san dalili.

A nan Bahaushe yana da gado. Mun san matar da ba ta faɗin sunan mijinta, da uwar da ke kau da kai daga ɗan fari, kowa kuma ya san inda ƙaunar take. Ka ari wannan kawaicin. Jaruminka ya daina kiran sunan abokin. Ya karɓi gadin dare na tsakiya, mafi wuya, don ɗayan ya yi barci. Ya duba masa majanyin sirdi da asuba ba tare da ya faɗa ba. Ya tsani yarinyar da abokin ke rubuta wa wasiƙa alhali bai taɓa ganinta ba. Ka jera irin waɗannan daga ƙarami zuwa babba, ka bar mai karatu ya riga shi ganewa da babi biyu ko uku. Idan suka gane tare babu zullumi, idan kuma mai karatu ya riga shi da babi goma zai ɗauke shi wawa. Kuma ba dole ba ne ƙarshen ya zama mutuwa. Yawan kashe irin wannan tauraro a babin ƙarshe ya zama hanyar gudun marubucin da bai san yadda zai rufe labari ba.

Wani abu da ba na adabi ba, amma wajibi ne ka sani kafin ka fitar. Dokar tarayyar Najeriya da aka sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi ɗaya, da shekara 10 kan kafa ƙungiya ko nuna irin wannan soyayya a bainar jama'a. Katsina na cikin jihohin da ke aiki da shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, Kano kuma, inda ake buga yawancin littattafan Hausa, tana da hukumar da ke tace su. Ka nemi dokokin ka karanta da kanka, ko ka tambayi lauya.

Tambaya: Ina so in san lissafin tafiyar. Kwana nawa, guzuri nawa? (Malamar makaranta, Daura)

Amsa: Malama, tafiya iri biyu ce, kada a gauraya su.

Ta masu ƙaura zuwa Oregon tana farawa daga bakin kogin Misuri, tsawonta kimanin kilomita 3,500. Ana tashi ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu, domin sai ciyawa ta fito dabbobi za su sami abin ci. Wanda ya makara kuma dusar ƙanƙara za ta rufe masa duwatsu, kamar ayarin Donner da ya maƙale a hanyar Kalifoniya a hunturun 1846, mutum 87 suka shiga, 48 suka fita. Shanun huɗa huɗu zuwa shida ke jan amalanke ɗaya, ba dawaki ba, kuma yawancin mutane a ƙasa suke takawa domin kaya sun cika ciki. A rana ana cin kilomita 24 ko kusa da haka, wato daga Katsina zuwa Daura kwana uku da wani abu, tafiyar duka kuma wata huɗu zuwa shida. Littattafan jagora na lokacin suna ba da shawarar kowane baligi ya tanadi fulawa wajen kilo 90, naman alade mai gishiri wajen kilo 68, sukari kilo 9, gahawa da gishiri kusan kilo 5 kowanne. A filin da ba itace, da busasshen kashin ɓauna ake girki. Abin da ya fi kashe mutane kwalara ce, musamman tsakanin 1849 da 1852, sai nutsewa a mashigin kogi da haɗarin bindiga da na amalanke. Harin 'yan asalin ƙasar, wanda fim ya cika mana ido da shi, bai kai waɗannan ba ko kusa.

Ga mai ɓoye jikinsa, wannan filin shi ne babban maƙiyi. Babu gewaye, babu kurmi, kwana da kwanaki ido na ganin ido. Ina take kewayawa? Ina take wanke tsumman al'ada ta shanya? Marubucin da ya tsallake waɗannan ya zubar da rabin fargabar labarinsa.

Ta kaboyi kuwa daga baya ta zo, daga 1866 zuwa tsakiyar shekarun 1880. Garken shanu 2,500 zuwa 3,000, mahaya goma ko sha biyu, mai dafa abinci da amalankensa, daga Tekzas zuwa tashar jirgin ƙasa a Kansas cikin wata biyu zuwa uku, albashi dala 25 zuwa 40 a wata. Sabon shiga a bayan garke ake sa shi, ya sha ƙura, ya ɗaure ƙyalle a hanci, abin da zai yi wa mai ɓoye fuska daɗi. Da yawa daga cikin mahayan baƙaƙe ne da 'yan Meziko.

Sai kwanakin da ke kama marubuta: wayar tangaraho ta haɗa gabas da yamma a Oktoban 1861, layin dogo a 10 ga Mayu 1869. Libarbar Colt da aka fi gani a fim ta 1873 ce, kafin ita yawanci albarushi da dalma ake ɗurawa rami-rami, ba a sake cika ta a guje kan doki. Wandon jins mai ƙusoshi shi ma 1873, waya mai ƙaya 1874. Dokar rabon fili ta 1862 ta ba duk mai shekara 21 eka 160 in ya zauna shekara biyar, har da mace marar aure, don haka kada ki ce jarumarki ta sa wando ne don ta mallaki gona.

Tambaya: Zan iya sa ɗan ƙabilar asali wanda zai wayar wa jarumina da kai? (Marubuci, Katsina)

Amsa: A yi hattara, Malam. Gaskiya ne wasu ƙabilun suna da gurbi ga wanda aka haifa namiji ya ɗauki aiki da tufafin mata. Sananne a cikinsu We'wha ne, ɗan ƙabilar Zuni, gwanin saƙa da ginin tukwane, wanda ya je Washinton a 1886 har ya gaisa da Shugaba Grover Cleveland. Amma kowace ƙabila da nata suna da nata ƙa'ida, kuma kalmar gama-gari ta Turanci da ake kiran irinsu da ita yau, "two-spirit", sai a 1990 aka amince da ita. Ka zaɓi ƙabila ɗaya ka karance ta. Ka kuma tuna a shekarun nan ana ƙwace musu ƙasa ana ƙarar da ɓaunar da wasunsu ke rayuwa a kanta. Mutumin da ke cikin wannan hali yana da damuwar da ta fi ta zama malamin baƙo.

Tambaya: Ni dai ban ga dalilin zuwa Amurka ba. Ba mu da irin wannan fagen a nan? (Dattijo mai karatu, Ƙofar Sauri, Katsina)

Amsa: Ranka ya daɗe, muna da shi, kuma ba a taɓa shi sosai ba. Bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807 aka naɗa Ummarun Dallaje, tsohuwar sarautar ta koma arewa ta kafu a Maraɗi, aka shafe sauran ƙarnin ana kai wa juna hari, dajin da ke tsakani ya zama ƙasar da ba ta kowa ba. Daura ma gidan sarautarta ya watse zuwa Zango da Baure, sai a 1906 aka mai da shi. Ga fataken Gwanja masu tafiyar watanni da jakuna neman goro, ga ayarin raƙuman Buzaye da gishirin Bilma. Madugu, zango, 'yan fashi, baƙon da ba a tambayar asalinsa: duk kayan aikin suna nan. 'Yan daudu ma suna nan a al'adarmu, da girkinsu da salon maganarsu, sai dai bayanan da aka rubuta a kansu dalla-dalla na ƙarni na 20 ne, kada a kwashe su a zuba a 1850 yadda suke.

Wajen ɓoyo, rawani da amawali sun fi hular kaboyi aiki, domin suna rufe haɓar da ba gemu, babbar riga kuma ta rufe sauran. Wuraren tonon asiri ne suka bambanta da na Amurka, kuma sun fi yawa: alwala a gaban jama'a sau biyar a rana, zama gaban wanzami a yi aski, tsagar fuska da ke faɗin garin mutum, madugun da ya yaba da hankalin yaro ya ce zai ba shi 'yarsa. Sannan ga sahun salla. An yi kiran magariba a zango, maza sun jeru kafaɗa da kafaɗa, wani ya matsa ya ba yaron wuri, a ranar kuwa jinin al'ada ya zo masa.